Buhun Yashi a Kujerar Baya

3 ga Maris

Kawu,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan gareji. Mu nan lafiya lau, jikin Inna da sauƙi.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna bayan shekara goma sha ɗaya. Ni ce dai Karambana, 'yar abokiyar wasanka, wadda kake kora daga ƙarƙashin motoci da tsumman baƙin mai. Da kana ɗaukar waya da na kira, amma an ce kunnen ya ƙara nauyi, ko an kira sai ka yi ta "Iye? Iye?" ka kashe. Shi ya sa na ba direban bas ɗin safe wannan takarda.

Ba zumunci na zo yi ba, Kawu, aiki na kawo. Inna tana wankin ƙoda sau uku a mako, Litinin, Laraba da Juma'a. Asibitin yana can saman tudu, hawan kusan minti ashirin ne, da lanƙwasa bakwai masu kaifi. Maƙwabcinmu mai motar rarraba burodi ne yake kai mu ya ɗauko mu, to an canza masa wurin aiki, ƙarshen Afrilu zai tashi. Bas ba ta hawa can, motar haya kuma sau uku a mako ta fi ƙarfin albashina. Likita ya faɗa min a fili cewa fashin wanki biyu a jere ba abin wasa ba ne.

Abin da ya rage min shi ne 'yar ƙaramar motar Baba. Tana tashi, tana tafiya a shimfiɗaɗɗiyar hanya, amma da ta hango tudu sai ta fara tari. Na gwada ta ranar Asabar ni kaɗai, a lanƙwasa ta huɗu ta yi zafi ta mutu, masu babur suna wuce ni suna dariya. Kanikawa uku na kai wa a nan, kowa ya ce in kira masu sayen tsohon ƙarfe. Kai ka raka Baba sayenta, kai ka san cikinta.

Gobe za ta iso maka a bayan babbar motar kamfaninmu na sabulu, da ambulan a hannun direba. Abin da ke cikin ambulan ɗin shi ne iyakar abin da na tara, babu ƙari a baya. Direbobin kamfani sun zauna sun rubuta min abubuwan da ke ƙara wa ƙaramar mota ƙarfi: babbar salansa, matatar iska irin ta motocin tsere, rim ɗin taya marasa nauyi, da wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a jikin inji. Su nake so ka sa, bi da bi yadda aka jera.

Inna ba ta san na rubuto ba. Har yau in aka ambace ka sai ta juya fuska bango.

'Yarka.

9 ga Maris

Karambana,

Na samu takardarki, na samu motar, na samu ambulan. Lafiyarmu ƙalau, in ban da gwiwa, da kunnen da kika yi wa gori. Tunda kin ce jikin uwarki Tirela da sauƙi, mun gode Allah.

Shekara goma sha ɗaya ba a san ina raye ba, sai da mota ta yi tari aka tuna da Baƙin Mai. Ba komai. Amma tunda kin yi girma, gara ki ji daga bakina. Kwana uku da rasuwar ubanki, uwarki ta tsaya a tsakar gida gaban maza da mata ta ce ungulu ta sauka, don kawai na ce a ba ni motar in ajiye a gareji kada ta lalace a rana. To ga shi nan ta lalace. Da na buɗe gabanta gidan ɓera na tarar a kan batir, har da 'ya'ya.

Jerin direbobinku na karanta wa ma'aikatana muna cin abincin rana, ɗaya har ya ƙware don dariya. Babbar salansa ƙara take ƙarawa, ba ƙarfi ba. So kike ki kwantar da mara lafiya a cikin abin da ke ruri kamar injin niƙa? Na'urar nan kuwa na taɓa fasa ɗaya da guduma don in ga abin da ake sayar wa mutane, 'yar fitila ce da waya biyu a ciki. Rim kwalliya ce, su kaɗai za su cinye ambulan ɗin su nemi ƙari. Direba tuƙi ya sani, ki bar shi a kan sitiyarinsa.

Ni ba na fara mota daga inji, daga ƙasa nake farawa. Kin cika takarda da maganar hawa, ko layi ɗaya ba ki yi a kan saukowa ba. In ta mutu a hawa, dariyar masu babur kawai za ki sha. In ta ƙi tsayawa a gangara fa, da uwarki a baya? Tayoyinki huɗu sun yi sumul kamar sanƙona. Birkin baya na hagu ba ya kamawa sam. Don haka tayoyi da birki tukuna, ko kin so ko kin ƙi. Bayansu lagireto, don tsatsa ta toshe shi, shi ke sa ta zafi. Sannan fulogi, da kuloci in kuɗin ya kai. Ƙarfin da kike nema yana nan a cikinta, datti da sakaci ne suka danne shi. Na ƙarshe sifirin na baya masu ɗauke da nauyin mota, sun zauna.

A nan nake da tambaya, ki ba ni amsa a takarda ta gaba. Kilo nawa ce uwarki yanzu?

Kuma ki sani tun wuri, motar nan ba za ta bar garejina ba sai ranar da na yarda.

Kawunki.

14 ga Maris

Kawu,

Ina gaisuwa. Jikin Inna da sauƙi.

Sau uku na karanta wasiƙarka, kowane karo raina yana ƙara ɓaci. Mace tana fama da ciwo, kai abin da ya dame ka kilonta? Wasa ma yana da lokacinsa. Na tashi ina jin yadda kake ce mata Tirela a gaban baƙi, kana ba da labarin ranar da ta zame a bakin famfo sai da maza huɗu suka taru suka ɗaga ta. A lokacin tana da bakin ramawa, ta ce maka Baƙin Mai, a yi dariya a watse. Yanzu ba ta da shi. Ba zan aiko maka da nauyin mahaifiyata don ma'aikatanka su sami abin ƙwarewa da shi wurin cin abinci ba.

Sai kuma layinka na ƙarshe. Ba za ta bar garejinka ba sai ranar da ka yarda. Ashe Inna ba ta yi maka ƙazafi ba. Abin da ka kasa samu ranar makoki, ni da hannuna na ɗora maka shi a babbar mota har ƙofar gida, da kuɗi a sama. Wallahi na ji haushin kaina. Amma ka sani takardun motar suna hannuna, kuma sunana ne a jiki.

Na nuna wa direbobinmu abin da ka rubuta. Sun ce haka tsofaffin kanikawa suke, duk abin da ya zo bayan zamaninsu sai su zage shi. Ni ban ce ka yi wa tsohuwa faci ba, ƙarfi na ce ka ƙara mata. Tayoyin nan da kake rainawa da su na yi shekara huɗu ina zuwa aiki kafin in ajiye ta, ba su taɓa ba ni kunya ba. In ba za ka iya abin da na ce ba, ka ɗoro min ita yadda take, da ambulan ɗina.

Saura mako shida da 'yan kwanaki maƙwabci ya tashi.

Mai motar.

2 ga Afrilu

Kawu,

Gaisuwa. Inna da sauƙi.

Yau kwana goma sha tara babu amsa. Kullum sai na biya tasha kafin in shiga aiki, har direban bas ya daina jira in ƙaraso, daga nesa yake kaɗa min hannu cewa babu. Ya ce sau biyu yana wucewa ya ga garejin a rufe, kuma bai ga motar a waje ba.

Maƙwabci ya fara ɗaure kayansa a kwalaye. Jiya Inna ta tambaye ni ina motar Baba, na ce tana wurin gyara. Ta ce wurin wa. Ta dube ni, ta gane. Ta juya fuska bango, da ma zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

In ka sayar da ita ka faɗa min in san inda dare ya yi min. In Litinin ta yi ban ji daga gare ka ba, zan taho da takardu da ɗan sanda, kuma ba zan ji kunyar kowa ba.

Mai motar.

6 ga Afrilu

Karambana,

Lafiya lau muke, sai babban yatsa da jak ya matse min, shi ya hana ni riƙe biro kwana goma. Ki gaida mai jiki.

Ki taho da ɗan sandan, da ma ina da motar da ke neman mai turi. Garejin ya kasance a rufe ne don sau biyu ina tafiyar yini guda neman kuloci na hannu mai kyau, tunda ambulan ɗinki bai kai sabo ba. Motar kuma a ciki na kulle ta, ni ba na barin abu a rana kamar wasu.

Na ga jinin ɗaya ne, ke da uwarki, rabin magana kuke ji ku kama da wuta. Me zan yi da akwalar ubanki? Ina da uku irinta a bayan gareji, kaji na ƙwai a ciki.

Shekara arba'in ina wannan sana'a, babu motar da ta taɓa fita daga hannuna ban yi mata gwajin buhu ba. Ina cika buhuna da yashi daidai nauyin mutanen da za su riƙa shiga, in ajiye kowanne a kujerar mai shi. In akwai mara lafiya ko mai ciki, sai in dasa kofi cike da ruwa a kan buhunsa, in hau tudun da ke bayan unguwarmu in sauko sau biyar. In ruwa ya zube, mota ba ta fita. Abin da nake nufi da sai na yarda ke nan, ba wani abu ba.

Kilo kuwa saboda sifirin na tambaya, don da nauyi ake zaɓensa. In ka sa mai laushi a ƙarƙashin mai nauyi, mota ta zauna tana dukan ƙasa. In ka sa mai tauri a ƙarƙashin mara nauyi, ta riƙa tsalle da shi. Kin hana ni lamba, ni kuma na yi aiki da abin da na sani. Tirela tare muka tashi, ranar da na yi mata ganin ƙarshe ba ta gaza kilo ɗari da goma ba. Na ji an ce masu ciwon ƙoda kumburi suke yi, na ƙara goma. Takarda uku kuma kina ce min da sauƙi, ke nan tana cin abincinta. Buhu biyu da rabi na jibge a kujerar baya, na ciro sifirin na wata motar ɗaukar kaya na sa mata. Sau biyar na hau na sauko, ko ɗigo bai zuba ba.

Ga abin da aka yi: tayoyi huɗu sababbi, birki gaba da baya, lagireto, fulogi, kuloci. Da buhunan duka ta hau tudun a giya ta uku, allurar zafi ba ta bar tsakiya ba. Salansarta ta da na liƙe mata, ki gaya wa direbobinku su yi haƙuri. A gangara ki sa giya ta biyu, kada ki kwanta a kan birki. Ragowar kuɗin yana cikin ambulan a aljihun gaba. Ban ɗauki ladan hannu ba, kada a ce ungulu ta ci.

Gobe za ta iso tare da wannan takarda.

Kawunki.

12 ga Afrilu

Kawu,

Ba zan rubuta cewa jikin Inna da sauƙi ba. Na gaji da wannan kalmar.

Motar ta iso. Gaskiya ɗaya zan ba ka, ta hau. Na gwada ta ni kaɗai ranar Talata, ta wuce lanƙwasa ta huɗu kamar ba ita ba. A saukowa wani mai tura baro ya faɗo min hanya, na taka birki ta tsaya cak. Direbobinmu sun zagaye ta suna neman na'urar da ka sa, na ce babu, ba su yarda ba. Na ji bayanta yana ɗan tsalle, na ɗauka haka sabon gyara yake.

Wasiƙarka kuwa na karanta ta ne zuwa inda ka ce wa motar Baba akwala, na cusa ta a jaka don haushi. Sauran sai a kan bencin asibiti na karanta, bayan an gama ɓarna.

Ranar Laraba na ce wa maƙwabci ya huta, na shimfiɗa wa Inna bargo a kujerar baya. Daga ƙofar gida zuwa saman tudu, kowane rami, kowane tudun rage gudu, sai bayan motar ya cilla ta sama. Ina tuƙi ina jin kanta yana bugun ƙofa. Hannun da ake sa mata allurar wanki, wanda likita ya ce ko agogo kada ta ɗaura masa, sau biyu tana faɗawa a kansa. Ba ta yi kuka ba, ka san halinta. A lanƙwasa ta biyar dai ta ce, "Tsaya, 'yar nan, in huta." Sau huɗu muna tsayawa. Kafin mu isa hannun ya kumbura ya yi baƙi, aka kasa sa allura, aka ce mu koma gida. Wanki ɗaya ya wuce ta ke nan. Jiya maƙwabci ya kai mu, da ƙyar aka samu aka yi. Saura kwana goma sha takwas ya tashi.

Kilo ɗari da ashirin. Kawu, wace mata ka gyara wa mota? Matar nan da maza huɗu suka ɗaga, ni nake sauko da ita daga bene hawa biyu a hannuna, da jakata a kafaɗa. Zanenta sau biyu yake zagaye ta ya yi saura. Ana auna ta kafin kowane wanki, lambar tana cikin katinta a jakata tun ranar da ka tambaya, girman kai ne ya hana ni rubutawa. Wannan laifina ne, kuma shi ke cina. Amma tafiyar yini ɗaya ce tsakaninku, shekara goma sha ɗaya. Da ka tako sau ɗaya ka ga fuskarta, da ba ka cika buhu biyu da rabi ba. Kana ta alfahari da kofinka.

Da muka dawo ta tambaye ni me ya sa motar take haka, na karanta mata lissafinka. Na ɗauka za ta wanke ka tas. Dariya ta yi har tari ya sarƙe ta, sannan ta ce, "Shi kaɗai ya rage a duniya da yake ganina da jikina." Ta juya bango, na ga kafaɗarta tana rawa, na fita na bar mata ɗakin.

Arba'in da ɗaya ne. Ka amsa ko kada ka amsa.

Karambana.

14 ga Afrilu

'Yata,

Ina gaisuwa. Yaya jikin nata, na gaskiya nake tambaya.

Na auna. Na ɗauko buhu ina zuba yashi ina kallon sikeli, kafin buhun ya cika allura ta kai. Na ce sikelin ya lalace, na kai shagon mai siminti aka sake aunawa, haka ne dai. Na dawo na rungume shi na ɗaga ni kaɗai, da wannan gwiwa da wannan yatsa. Na tsaya da shi a tsakar gareji na rasa inda zan ajiye. Ma'aikata suka tambaya ko lafiya, na ce kowa ya tafi gida.

Aikin banza na yi. Shekara arba'in ba wanda ya faɗa min haka na yarda, yau ni na faɗa da kaina. Ruwan bai zube ba, amma a kan matar da babu ita na gwada. Ke ma da "da sauƙi, da sauƙi" ɗinki, ba mu gama ba, za mu yi wannan maganar ido da ido. Kafin nan kada ki sake sa ta a motar. Ki roƙi maƙwabci ya kai ku Laraba.

Na kori kaji daga ɗaya cikin ukun nan, na ciro sifirin ɗinta masu laushi, suna da sauran rai sosai. Ranar Alhamis zan shigo bas ɗin safe da su, da jak, da buhun, da kofin. Aikin awa biyu ne a ƙofar gida. Daga nan zan hau tudun asibitin da kansa in sauko sau biyar, ke kina gaba kina kallon ruwan, don kada ki ce na yi miki ƙarya. Ki nemo matashin kai biyu masu kauri, ki kuma koyi karanta takarda har ƙarshe.

Ki faɗa wa Tirela Baƙin Mai yana tafe. Ta tanadi zaginta, na daɗe ban ji mai kyau ba, amma ta ɗaga murya saboda kunnen. Ungulun ma in tana so ta maimaita, zan zauna in saurara.

Ranar Juma'a kuma ki riƙe jakarki kawai, ni zan sauko da ita daga benen. Hawa biyu kika ce. Tun jiya nake hawa da sauka da buhun a matakalar maƙwabtanmu, na yi sau shida, gwiwar ta ɗauka.

Kawunki.